Ciwon Baba da Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Wudil ba zai yi mamakin wannan ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, na girma a gida ɗaya da iyayena a Indabo amma kamar ɗan maƙwabta. In Baba yana so in kai taki gona, sai ya dubi ƙanena, in babu kowa ya dubi bangon zaure, ya ce, "A gaya wa wancan ya ɗora wa jaki mangala." Ina tsaye a gabansa zai faɗi haka. Inna kuwa ko ido ba ma haɗawa. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Kunya ce irin ta iyaye ga ɗan fari, har alfahari nake yi da ita, don ana cewa gidan mutunci ne kaɗai yake riƙe ta da ƙarfi haka. Yanzu in na tuna alfaharin nan raina ɓaci yake yi.

Na girma, na samu aikin koyarwa a firamare, na yi aure na kama haya a Sabon Garin Wudil. Kowace Juma'a Baba yana zuwa kasuwar Wudil a kan tsohon kekensa, da wake ko gyaɗa ɗaure a baya. Mutum ne mai barkwanci, a layin 'yan hatsi daga nesa ake jiyo dariyarsa. In an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidana ya zauna a zaure, ba ya wuce nan. A kawo masa tuwo ya ci, ni ina tsugune a gefe, shi yana ba ƙofar zaure labarin yadda gero ya yi a bana. Haka muke hira, kuma ni a wurina ta ishe ni.

Wata Juma'a sai na gan shi ya shigo layinmu yana tura keken da hannu. Ya jingine shi, ya ce wa ƙofar zaure taya ce ta sace. Da ya shiga alwala na matsa tayar da yatsa, na ji ta tauri kamar dutse. Da ya zo zama ma bai zauna yadda ya saba ba. A hankali ya sauka, ya kishingiɗa a kan cinya ɗaya, ya dafa tabarma da hannu. Ya ture kwanon yaji gefe, shi da ko fura zai sha sai ya nemi barkono. Na ga duk wannan, amma ɗan fari ba ya tambayar ubansa me ya same shi a mazauni. Bayan wasu makonni ya daina zuwa kasuwar gaba ɗaya.

Na hau babur na tafi Indabo. Na gaishe da Inna, na tambayi jikin Baba. Ta ci gaba da kallon tukunyar da ke gabanta ta ce, "Da sauƙi." Sai na nufi wurin Baffa, ƙanin Baba, wanda shi kaɗai ne a manyan gidan yake magana da ni kai tsaye.

"Basir ne," in ji Baffa. "Wa ya rabu da shi? Kai ma kana da shi, bai motsa ba ne."

Baffa a duniyar nan bai san wata cuta ba sai basir. Ciwon kai basir ne ya hau sama. Ciwon baya basir ne ya kwanta. In mutum ya cika faɗa da iyalinsa, basir ne yake cin sa. Karatunsa na likitanci kuwa a kasuwar Juma'a ya yi shi, a gindin motocin masu magani, waɗanda suke ɗaura lasifika a kan rufi suna zayyana abin da ke tsakanin cinyoyin mutum dalla-dalla, mata da yara suna wucewa. Abin nan yana ba ni haushi har gobe. Maganar da ba za a iya yi a cikin ɗaki tsakanin uba da ɗa ba, ita ake kwarara wa gari guda da rana tsaka, ba mai jin kunya. Ɗakin Baffa cike yake da jarkoki na jiƙo, wani baƙi, wani ja, da ƙulle-ƙullen sassaƙe da saiwoyi. Duk ya kwashe su ya kai wa yayansa.

Na ce a kai Baba asibiti a duba. Baffa ya dube ni kamar na zagi kakanmu.

"Basir ba a kai shi asibiti, ɗan nan. Suna ganinsa wuƙa za su sa. In suka yanke, mutum ya gama zama namiji, kuma ba ya ƙara riƙe alwala har ya mutu. So kake a mayar da ubanka haka? Kuma kai da kake ɗan fari, ina ruwanka da abin da ke cikin wandon mahaifinka?"

Duk da haka na roƙe shi ya isar da saƙona. Amsa ta dawo ta bakinsa: a gaya wa wancan ya kula da 'yan makarantarsa, jiki ya yi sauƙi. Duk zuwan da na yi bayan nan, ko in tarar an ce Baba yana barci, ko in same shi a kishingiɗe a zaure ya lulluɓe ƙafafu da mayafi, ya amsa gaisuwata yana kallon waje. Ya rame, amma damina ce, kowane manomi ramewa yake yi. Kowa a gidan ya san gaskiyar halin da ake ciki, har matan ƙannena. Ni kaɗai aka ɓoye wa, ni da nake cikin gari, nake da babur, na san ƙofar asibiti. Ba don mugunta aka yi ba. Gani suke yi girmama ni ake yi, shi ma ana tsare masa girmansa.

Damina ta wuce, wata ta zo. Ranar da abin ya fito fili, na isa Indabo ana kiran la'asar, na wuce masallacin unguwa kai tsaye. Tun ina yaro wurin Baba a sahu ɗaya ne, bayan liman daidai, ba mai tsayawa a nan ko ya makara. Ran nan na ga wani a wurin. Da aka idar na zagaya ta bayan gida don in gajarce hanya, sai na ci karo da shanya a kan danga: tsummoki, yankakkun tsofaffin zannuwan Inna, jere reras, an wanke su amma tabon jini da mugunya bai fita ba. Kusa da su wandunan Baba. Ƙudaje sun baibaye wurin, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba.

A ranar na ɗaga wa Baffa murya, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Sai da ya ga idona ya rufe sannan ya faɗa mini. Tun kafin ranar da Baba ya tura keke yake ganin jini in ya zaga. Daga baya bayan gida ya koma fita siriri, da ƙyar, da azaba. Sai wani ƙurji ya fito a gefen dubura, ya kumbura ya fashe, ya ƙi warkewa, kullum yana tsiyaya. Da jiƙo ya gaza, Baffa ya ɗauko wani wanzami daga wajen Utai, ya ɗaure tsiron da ya gani da zare, ya shafa wani haɗi mai kanwa da toka wai ya ƙone tushen. Baba ya ciji mayafi har ya huda shi, bai yi ƙara ba, don kada a ji a cikin gida. Masallaci kuwa shi ya cire kansa. Ya ce ba zai tsaya bayan liman da najasa a jikinsa ba.

Na je ƙofar ɗakinsa na tsuguna. Ban shiga ba. Na yi magana da labulen, kamar yadda shi yake magana da bango. Na ce a gaya wa Baba gobe zan zo da mota, in bai shiga ba ni ma ba zan tashi daga ƙofar nan ba, ko da makaranta za ta kore ni. Can na ji muryarsa, ta shaƙe, ya ce a gaya wa wancan ya ji, amma da sharaɗi: ba zai shiga ɗakin likita tare da shi ba.

A kwance ya yi tafiyar, a kujerar baya, a kan gefensa, Baffa yana riƙe da ƙafafunsa. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji numfashinsa ya tsaya. A asibitin cikin gari suka duba shi, suka ce mu wuce Kano. Muna haye gada na waiwaya na ga ya ɗaga kai yana kallon ruwa, kogin ya cika ya yi ja, masunta suna ta harkarsu.

Likitan da ya gan shi a Kano bai girme ni ba. Abin da Baba ya ɓoye wa ɗansa fiye da shekara guda, wannan baƙon ya gan shi kafin shayi ya huce. Suka ɗebi 'yar tsoka daga wurin suka kai gwaji, suka yi hoton ciki, suka ce mu dawo. Da muka dawo likitan ya leƙo ya ce, "Wane ne babban ɗansa?" Baffa ya yunƙura zai tashi, na riga shi.

Ya zaunar da ni, ya dunƙule hannunsa ya nuna mini zagayen da babban yatsa da manuni suka yi. Ya ce dubura haka take, tsoka ce mai tsukewa, kuma abubuwa da yawa suna sa ta ciwo, mutanenmu ne suka haɗa su duka suka ba su suna ɗaya. Akwai basir na gaskiya, jijiyoyin jini ne suke kumbura. Yawancinsa gyaran ci da shan ruwa yana kwantar da shi, in ya ƙi a ɗaure shi da 'yar roba ya bushe, in ya yi girma a yanke. Akwai tsagewa, fatar wurin ce take darewa saboda taurin bayan gida, tana yanka kamar reza. Man shafawa yana warkar da ita, in ta ƙi a ɗan sassauta tsokar da ƙaramin aiki. Akwai ƙurji mai tara mugunya, wanda magani ba ya isa sai an tsaga an fitar. In aka bar shi yakan haƙa rami daga cikin hanji ya ɓullo ta fata, shi ma ana buɗe shi ko a zura zare na asibiti ya riƙa tsanewa a hankali. Ya ce duk waɗannan mutum yana shigowa da su ya koma gonarsa, da alwalarsa da iyalinsa.

Na ji wani sanyi a raina, na ce to wanne ne na Baba a ciki.

Ya buɗe hannun nasa ya ajiye a kan tebur. Ya ce babu ko ɗaya. Ciwon daji ne a ƙarshen hanji. Shi ya kawo jinin, shi ya matse hanya, shi ya haifar da ƙurjin. Abin da wanzami ya ƙona fata ce kawai, ya ƙara masa gyambo a kan ciwo. Ya ce da a lokacin da aka fara ganin jini aka zo, da ana iya yanke ɓangaren da ya kamu, da fatan a rabu da shi. Yanzu ya kai hanta. Aikin da ya rage ba na warkarwa ba ne: a buɗe wa hanji ƙofa a gefen ciki, a manna leda a wurin, bayan gida ya riƙa fita ta nan, ya daina bi ta kan ciwon. Zai samu sauƙin azaba, ya ci abinci. Ya ce, "Malam, me ya sa kuka daɗe haka?" Ta yaya zan gaya masa cewa ladabi ne?

Baffa ne ya shiga ya gaya wa Baba, ni ina bakin ƙofa ina ji. Baba bai tambayi ko zai tashi ba. Bai tambayi ko aikin da zafi ba. Cewa ya yi, "Sallata fa? Mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa da ƙazanta rataye a cikinsa?" Ya ce a mayar da shi gida. Limamin unguwarmu ya zo har ɗaki ya zauna ya yi masa bayani, ya ce wannan lalura ce, shari'a ta yi wa mai ita sauƙi, sallarsa tana nan daram, tun farko ma bai kamata ya bar sahu ba. Baba ya saurara, ya yi godiya, ya ce ya ji. Bai yarda ba. Baffa kuwa, wanda ya gama tsorata shi da wuƙar asibiti, yanzu shi ne yake roƙonsa yana hawaye. Ban ji tausayin Baffa ba a lokacin. Sai daga baya, da na ga ya kwashe jarkokinsa ya tuttular a bayan gari.

Ciwon ne ya yanke hukunci. Hanyar ta toshe gaba ɗaya, cikin Baba ya kumbura ya yi tauri, ya riƙa amai, ko ruwa ba ya zama. Muka sake haye gadar nan, wannan karon bai ɗaga kai ba. Aka yi aikin. Da ya farfaɗo ya sha koko ya zauna a cikinsa, Inna ta yi ta hamdala kamar an ce ya warke. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mana yadda ake cire ledar, a wanke wurin, a manna sabuwa, da yadda za a riƙa wanke gyambon baya da ruwan ɗumi da gishiri. Baffa ne ya tsaya a gaba yana gyaɗa kai. Ni ina bayansa, ina kallo ta saman kafaɗarsa.

Da muka koma Indabo sai aka rasa mai yi. Idon Inna ya yi yana, ba ta ganin bakin ledar. Ƙannena maza suna kudu wurin nema. Baffa ya gwada sau ɗaya, ya fito da gudu ya yi amai a gindin darbejiya, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Na tsaya a tsakar gida ina duban manyan da suka tsare wannan sirri da ƙarfinsu, ga shi ya faɗo ba mai iya ɗauka. Na karɓi robar ruwan daga hannun Inna. Ta kau da kai, amma ta sakar mini.

Na yi sallama na ɗaga labulen. Rabona da cikin ɗakin nan tun ban yi wayo ba. Baba yana ganin ni ne ya ja mayafi ya rufe fuskarsa ruf, ya juya ta wajen bango. Na ɗaga rigarsa. Wannan mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai ya ɗora a keke, haƙarƙarinsa duk sun fito ana iya ƙirgawa. Na cire ledar, na wanke, na manna sabuwa. Na juya shi a hankali na ga abin da ya ɓoye mini. Ba zan kwatanta shi ba. Na wanke, jikinsa yana ƙyarma a ƙarƙashin mayafi, ban sani ba ko zafi ne ko kunya.

Haka muka ci gaba. Kullum in an tashi daga makaranta sai in hau babur in tafi. Yana jin tsayuwar babur ɗin zai ja mayafinsa, kafin in shiga ya shirya. In ruwan ya yi zafi sai ya ce wa bango, "A gaya wa wancan ya surka." In surka. In na gama in kawo masa dutsen taimama, ya ɗaura niyya, ya yi sallarsa a kwance. Ban ƙara ganin fuskarsa sosai ba sai in barci ya kwashe shi mayafin ya zame. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, wani lokaci a kan hanyar komawa in tsayar da babur a gefen gonakin mutane in yi ta zagin wanzami da masu lasifika, da wannan kunya da muka ɗauka ado. Na san likita bai yi mini alkawarin komai ba, amma na kasa daina tunanin ranar da na matsa tayar keken nan. A ranar akwai sauran lokaci.

A makon da zai rasu, an fara yankan gero, gidan ya watse gona, Inna tana madafa. Na gama wanke shi bayan azahar, na gyara masa riga, ina tattara tsummoki. Muryarsa ta riga ta zama kamar raɗa. Daga ƙarƙashin mayafin na ji ya yi gyaran murya, ya ce:

"A gaya wa wancan ya yafe mini. Na ɗora masa abin da ba a ɗora wa ɗa."

Na tsaya da robar a hannuna.

"A gaya masa Allah ya yi masa albarka. A gaya masa tun yana ƙarami nake…"

Bai ƙarasa ba. Na jira, na ji numfashinsa kawai yana fita da ƙyar. Na dubi ɗakin. Babu kowa a ciki daga ni sai shi, sai bangon da yake kallo. Sunana kalma ɗaya ce, shi ya raɗa mini shi da bakinsa ran da aka haife ni, kuma na so in ce Baba ga ni nan, ka faɗa mini da kanka, ka buɗe fuskarka ko sau ɗaya. Sai na ji bakina ya ce:

"Za a gaya masa, Baba."

Na ɗauki robar na fita ta bayan gida, na zubar da ruwan a gindin danga, na shanya tsummokin.